Fir'auna Yana Neman Hannu

Karatu: Fitowa 1:8-22

Kan maganarmu a yau shi ne ƙarfin hali domin bangaskiya, wato yadda mai bi zai yarda ya shiga hatsari saboda Ubangijinsa a cikin harkokinsa na yau da kullum. In akwai Littafi Mai Tsarki kusa da ku, ku buɗe Littafin Fitowa sura ta fari, ku bi mu a hankali.

Sau da yawa in an yi zancen ƙarfin hali, tunaninmu yakan tafi wurin Daniyel cikin ramin zakoki, ko Istifanas da aka jajjefe shi da duwatsu. Sai mu ce a zuci, ai wannan na manyan bayin Allah ne, mu kuwa su wane ne? Amma mutanen da za mu duba a yau mata biyu ne masu aikin ungozoma. Ba annabawa ba ne, ba su kuma taɓa tsayawa gaban taro su yi wa'azi ba. A bakin aikinsu gwaji ya same su, a bakin aikin nan kuma suka tsaya da ƙarfi.

ABIN DA YA FARU A MASAR

Iyalin Yakubu sun zauna a Masar su 70 a zamanin Yusufu. Shekaru suka wuce, Yusufu ya rasu, tsararsa duka suka shuɗe, Isra'ilawa kuwa suka yi ta hayayyafa har suka cika ƙasar. Sai wani sabon sarki ya hau gadon sarauta, wanda bai san alherin da Yusufu ya yi wa Masar ba. Da ya dubi yawan mutanen nan, sai gabansa ya faɗi. Ya gaya wa jama'arsa cewa in yaƙi ya tashi, baƙin nan za su iya haɗa kai da abokan gaba. Ku lura da wannan da kyau. Mutum na fari da tsoro ya kama a cikin surar nan shi ne sarki da kansa. Mai karusai da mayaƙa ne yake tsoron jarirai. Yawancin zaluncin da muke gani a duniya haka tushensa yake. Wanda yake razana mu, shi ma akwai abin da yake hana shi barci.

Dabararsa ta fari ita ce aikin dole. Ya sa Isra'ilawa yin tubali da aikin gona, suka gina masa biranen ajiya, Fitom da Ramases. Amma dabarar ba ta ci ba, gama yawan wahalar bai hana su ƙaruwa ba. Sai ya koma ga dabara ta biyu. Ya kira ungozomai biyu masu karɓar haihuwar matan Ibraniyawa, sunan ɗaya Shifra, ɗayar kuwa Fu'a. Ya umarce su cewa duk lokacin da suka je karɓar haihuwa su duba, in namiji ne su kashe shi, in mace ce su bar ta. Aya ta 17 ta gaya mana abin da suka yi: suka ƙi bin umarnin, suka bar 'yan mazan da rai, dalili kuwa shi ne suna tsoron Allah. Sa'ad da sarki ya kira su ya tuhume su, suka ba shi amsa cewa matan Ibraniyawa suna da ƙarfi, kafin ungozoma ta iso sun riga sun haihu. Allah kuwa ya yi musu alheri, ya ba su iyali na kansu.

Akwai abubuwa biyar da za mu koya daga wannan labari.

NA FARI: MUGUNTA TANA BUKATAR HANNUN ƘARAMIN MUTUM

Bari mu tambayi kanmu, me ya sa Fir'auna ya kira ungozomai? Domin duk ikonsa, ba shi da hanyar shiga ɗakin haihuwa da kansa. Yana da bakin ba da umarni, amma yana bukatar hannun da zai aikata. In bai sami hannu ba, umarnin ya mutu a fada.

Har wa yau haka abin yake. Babban mutum ba ya iya cinye kuɗin gina asibiti shi kaɗai. Sai ya sami akawun da zai rubuta takardar biyan kuɗi, da ma'aikacin da zai sa hannu ya ce an gama aikin da ba a ko haƙa harsashinsa ba. Ba a iya biyan ma'aikatan bogi albashi sai da mai shigar da sunayensu. Jabun magani ba ya kai wa ga marar lafiya sai da mai kanti da zai jera shi a kan kanta, yana sane. Satar jarrabawa tana bukatar malamin da zai juya baya ya dubi taga. Ƙwace gonar gwauruwa da marayunta yana bukatar dattijon da zai tsaya gaban alƙali ya ba da shaidar zur, ko kuwa wanda ya san iyakar gonar sarai amma ya kama bakinsa. A ranar zaɓe ma, mai neman murɗiya yana bukatar malamin zaɓen da zai sāke lamba a kan takarda.

To, su wane ne akawunan nan, da malaman nan, da masu kantin nan? Da yawa daga cikinsu suna zaune tare da mu a sujada ran Lahadi. Waɗansu suna cikin mawaƙa, waɗansu dattawan ikilisiya ne. Mu ne, 'yan'uwa. Mukan zauna da yamma muna kukan lalacewar ƙasa kamar waɗansu ne daga nesa suka lalata ta, alhali da safe an miƙo mana takarda mun sa hannu.

Ku tuna kuma cewa abin da aka nema daga Shifra da Fu'a abu ne na ɓoye. A ɗakin haihuwa ba mai gani. Da sun so, da sun ce wa uwar jaririn ya zo ba rai, ba kuwa wanda zai yi musu musu. Bin umarnin sarki shi ne hanya mai sauƙi, ba kunya, ba tonon asiri. Yawancin gwajin bangaskiyarmu a irin wannan wuri yake zuwa, inda fasto ba ya nan, matar aure ba ta nan, sai kai da takarda da alƙalami, da Allah mai gani.

NA BIYU: TSORO BIYU NE, ƊAYA NE ZAI RINJAYA

Kada mu ɗauka matan nan ba su ji tsoro ba. Wanda ya ba da umarnin kashe jarirai, kashe ungozoma biyu ba zai zame masa komai ba, sun kuwa san haka. Littafi Mai Tsarki bai ce zuciyarsu ta dutse ce ba. Abin da ya nuna mana shi ne akwai wani tsoro a cikinsu da ya fi tsoron sarki nauyi. Aka ɗora tsoro biyu a kan sikeli, tsoron Allah ya rinjaya.

Mu ma mun san tsoron da yake kama mu. Muna tsoron a kore mu daga aiki, ga 'ya'ya a makaranta, ga kuɗin haya. Muna tsoron a hana mu ƙarin girma, ko a jefa mu wani ƙauye mai nisa inda ba ruwa ba hanya. Muna tsoron dangi su ce mun cika iyayi, ko abokan aiki su daina gaishe mu. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, shi ya sa kowa yake so wani ya fara magana. Waɗannan tsoro ba na wasa ba ne, ba mu kuwa raina su ba. Ubangiji da kansa ya san muna bukatar abinci da sutura.

Amma tsoron Allah wani abu ne dabam. Ba irin tsoron da bawa yake yi wa mugun ubangida ba ne. Sani ne cewa Allah yana nan a ɗakin, yana gani, shi ne ya ba mu rai, a gabansa kuma za mu ba da lissafi. Mutumin da ya san haka, in ya shiga ofishin maigidansa yakan tuna cewa maigidan ma yana da Maigida. Yesu ya koya wa almajiransa wannan a Matiyu sura 10, inda ya nuna musu cewa ikon mutum iyakarsa jiki, ya kuma tabbatar musu cewa Uban da yake lura da 'yan tsuntsaye ba zai manta da su ba. Idan tsoron Allah ya yi girma a zuciya, tsoron mutum ba ya ɓacewa gaba ɗaya, amma yakan koma matsayinsa.

Wani zai ce, to ba Maganar Allah ce ta umarce mu mu yi biyayya ga masu mulki ba? Gaskiya ne, Romawa sura 13 ta koya mana haka. Mai bi ya kamata ya zama ma'aikaci mafi ladabi, mai zuwa aiki da wuri, mai biyan haraji. Amma biyayyar nan tana da iyaka. Ranar da umarnin mutum ya yi karo da umarnin Allah, sai mu bi gurbin manzanni a Ayyukan Manzanni sura 5, waɗanda suka zaɓi biyayya ga Allah a gaban majalisa, suka kuma karɓi bulalar da ta biyo baya.

NA UKU: JANYE HANNU BAI ISA BA, SAI MUN MIƘA SHI

Ungozoman nan ba su ajiye aiki suka koma gida don kada su yi zunubi ba. Sun ci gaba da zuwa ɗakin haihuwa, suna karɓar jarirai, suna raya su. Ƙarfin hali na mai bi yana da fuska biyu: ƙin sa hannu cikin mugunta, da miƙa hannu domin ceton wani.

Ku dubi Obadiya a 1 Sarakuna sura 18. Shi ne wakilin fadar sarki Ahab, a kwanakin da Yezebel take karkashe annabawan Ubangiji. Bai gudu daga fada ba. Ya ɗauki annabawa 100, ya ɓoye su hamsin hamsin a cikin kogo, yana ciyar da su da abinci da ruwa. Ku yi tunanin ciyar da mutum 100 a ɓoye kowace rana, a ƙarƙashin idon sarauniya. Kowace safiya ransa yana hannunsa.

Ku dubi kuma Hananiya na Dimashƙu a Ayyukan Manzanni sura 9. Ubangiji ya aike shi wurin Shawulu, mutumin da ya zo garin da takardun kama masu bi. Hananiya bai ɓoye tsoronsa ba, ya faɗa wa Ubangiji duk abin da ya ji game da mutumin. Duk da haka ya tashi ya tafi, ya ɗora masa hannu, ya kira shi ɗan'uwa. Wannan Shawulu shi ne ya zama manzo Bulus.

Mu da muke zaune a ƙasar da ta sha ganin tashin hankali, wannan magana ta shafe mu ƙwarai. A watan Yuni na 2018, sa'ad da aka kai hari a ƙauyukan Barkin Ladi a Jihar Filato, wani limamin Musulmi, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da 80, ya buɗe masallacinsa da gidansa a ƙauyen Nghar, ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista. Maharan suka zo suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya tsaya yana roƙonsu har suka tafi. Muna gode wa Allah dominsa. A rikice-rikicen Jos da Kaduna ma an sami Kirista da suka ɓoye maƙwabtansu Musulmi, an sami Musulmi da suka ɓoye Kirista. Tambayar da ya kamata kowannenmu ya yi wa kansa tun yanzu ita ce: in maƙwabcina wanda ba addininmu ɗaya ba ya ƙwanƙwasa ƙofata da dare, matasan unguwarmu kuwa suna biye da shi, zan buɗe? Zan iya tsayawa gaban 'ya'yan da na sani, waɗanda watakila tare muke sujada, in ce musu ba za ku taɓa shi ba? Wani lokaci tsayawa gaban namu ya fi tsayawa gaban baƙo wuya. Amma wanda ya umarce mu mu ƙaunaci maƙiyanmu bai ce sai lokacin zaman lafiya kaɗai ba.

Ba kullum ne abin yake kai wa ga jini ba. Miƙa hannu yana iya zama ka karɓi sabon mai bi wanda danginsa suka kore shi, ka ba shi ɗaki a gidanka. Yana iya zama ke, uwa cikin zumuntar mata, ki tsaya wa gwauruwar da 'yan'uwan mijinta suke kwashe mata kaya tun ba a share makoki ba. Yana iya zama dattawan ikilisiya su kira attajirin da ya saya wa majami'a kwanon rufi, su gaya masa cikin ƙauna cewa yadda yake hana ma'aikatansa hakkinsu zunubi ne. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, in ji masu iya magana. Ikilisiyar da baiko ya rufe mata baki ba za ta iya koya wa 'ya'yanta ƙarfin hali ba.

NA HUƊU: BA A YI MANA ALKAWARI CEWA BA ZA MU YI HASARA BA

A nan dole mu faɗa muku gaskiya. Labarin Shifra da Fu'a ya ƙare da albarka, amma ba kowane labari ne yake ƙarewa haka a duniyan nan ba. Mukan ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Karin maganar tana da daɗi, amma takobi ya sare kan Yahaya Mai Baftisma, domin ya gaya wa Hirudus gaskiya game da matar ɗan'uwansa. A Ayyukan Manzanni sura 12, cikin sura guda, an kashe Yakubu da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fito da shi daga kurkuku. Dukansu manzanni ne, dukansu masu aminci ne. Ko a surar da muka karanta, bayan ungozoman sun ƙi, Fir'auna bai tuba ba. Ƙara taurare zuciya ya yi, ya umarci dukan jama'arsa su riƙa jefa 'yan mazan a Kogin Nilu.

A zamaninmu ma mun ga haka. A watan Yuli na 2014 wani mutum ya sauka a Legas daga Laberiya yana ɗauke da cutar Ebola. Likitar da ta duba shi, Dokta Stella Adadevoh, ta ƙi sallamarsa, ko da yake an matsa mata lamba ƙwarai a bar shi ya tafi taron da ya zo dominsa. Ta tsaya a kan aikinta. Cutar ta kama ta, ta rasu ran 19 ga Agusta na shekarar. Mutum 20 ne cutar ta kama a Nijeriya a lokacin, 8 suka mutu. Da ta buɗe masa ƙofa ya shiga cikin miliyoyin mutanen Legas, Allah kaɗai ya san iyakar abin. Mutane da yawa suna raye saboda mace guda ta ce a'a, amma ita ta biya da ranta.

Ba kuwa za mu manta da 'yarmu Leah Sharibu ba. Ran 19 ga Fabrairu 2018 aka sace 'yan mata 110 daga makarantarsu a Dapchi, Jihar Yobe. A watan Maris aka dawo da yawancinsu, amma ba a sako Leah tare da su ba. Abokanta da suka dawo sun ba da shaida cewa an riƙe ta ne domin ta ƙi musun bangaskiyarta. Shekararta 14 a lokacin.

Saboda haka duk wanda ya gaya muku cewa in kun tsaya kan gaskiya lalle za a ƙara muku girma kafin ƙarshen shekara, ya faɗi abin da Allah bai faɗa ba. Mai yiwuwa a ƙara maka girma, mai yiwuwa kuma a kore ka. Ba ciniki muke yi da Allah ba. Muna yin biyayya domin shi Ubangiji ne, ya kuma cancanta. Abin da ya alkawarta shi ne ba zai rabu da mu ba, ba kuma zai manta ba. Ga shaida a cikin surar nan: Littafin Fitowa bai rubuta sunan Fir'aunan nan ba, har yau masana suna muhawara a kan ko wane ne shi. Amma sunan Shifra da na Fu'a suna nan a rubuce, ga shi yau muna kiransu da harshen Hausa.

Ku dubi kuma yadda Allah ya yi aiki. Fir'auna ya ji tsoron 'yan maza, ya raina 'yan mata. Amma ta hannun mata Allah ya rushe shirinsa: ungozomai biyu, sa'an nan a sura ta 2 uwar da ta ɓoye ɗanta wata 3, da yayar da ta tsaya tsaro a bakin kogi, da 'yar Fir'auna kanta wadda ta ji tausayin jaririn. Jaririn nan shi ne Musa. Ba wadda ta ga ƙarshen labarin a ranar da ta yi nata aikin. Kowace ta yi abin da yake gabanta ne kawai.

NA BIYAR: ƘARFIN HALI BA GANGANCI BA NE

Muna so matasanmu musamman su ji wannan. Shiga hatsari domin bangaskiya dabam ne da neman fitina. Yesu ya ƙi faɗowa daga kan Haikali don ya gwada Allah. Bulus ya yarda aka zura shi cikin kwando ta kan garun Dimashƙu da dare, ya tsira. A Urushalima kuma, sa'ad da za a yi masa bulala, ya yi amfani da 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma. Gudun hatsarin da ba dole ba hikima ce. Zagin addinin wani, ko tsokanar maƙwabci da sunan wa'azi, ko ɗaukar makami don ramuwa, duk waɗannan ba ƙarfin hali na Kristi ba ne. Ungozoman nan ba su zagi sarki ba, ba su tara jama'a ba. Sun ƙi kawai, suka ci gaba da aikinsu.

Game da amsar da suka ba Fir'auna, masanan Littafi Mai Tsarki sun daɗe suna tattaunawa ko ƙarya ce suka yi. Tun zamanin Agustin, babban malamin ikilisiya na Afirka ta Arewa, an lura cewa abin da Allah ya sāka musu dominsa shi ne tsoronsa da jinƙan da suka nuna. Aya ta 21 ma a kan tsoron Allah ta ɗora albarkar. Kada wani ya ɗauki wannan labari ya mai da shi izinin yin ƙarya a kasuwa.

To, yaya mai bi zai ƙi da hikima? Ya yi magana da ladabi, ba da ɗaga murya ba. Ya ce, ranka ya daɗe, ina girmama ka, amma wannan takarda ba zan iya sa mata hannu ba. Ya tabbata nasa aikin yana da tsabta, gama wanda yake zuwa aiki a makare yana kuma kwasar kayan ofis zuwa gida ba shi da bakin ƙin komai. Ya nemi shawarar masu bi da suka manyanta. Ya gaya wa matarsa, ko ta gaya wa mijinta, domin hasarar za ta shafi gidan duka, gara su yi addu'a su ɗauke ta tare.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya saba da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, ba zai tashi rana ɗaya ya tsaya gaban Fir'auna ba. A kan ƙananan abubuwa ake koyon tsayawa: mayar da canjin da aka ba ka fiye da kima, faɗin ainihin shekarunka a takardar aiki, ƙin tafiya wurin boka sa'ad da ciwon yaro ya ƙi ji, dangi kuwa suna matsa maka. Iyaye, 'ya'yanku suna kallo. Uban da ya saya wa ɗansa amsar jarrabawa ya riga ya koya masa abin da zai yi ranar da aka miƙo masa takarda a ofis.

Ikilisiya kuma tana da nata aikin. Ungozoman nan su biyu ne, ba ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ɗan'uwa ya rasa aiki domin ya ƙi cin amana, bai kamata mu tafa masa ran Lahadi, ran Litinin kuwa 'ya'yansa su kwana da yunwa ba. Mu kai masa hatsi, mu taimaka da kuɗin makaranta, mu nema masa wani aiki. Mutane da yawa suna yin shiru ne domin sun san in sun faɗi ba mai ɗaga su.

KALMA TA ƘARSHE

Watakila wani yana jinmu yanzu, zuciyarsa tana kāshe shi, yana cewa, ni kam na riga na sa hannu. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, akwai bishara dominka. Bilatus ya san Yesu ba shi da laifi, amma da aka tsorata shi da sunan Kaisar sai ya ba da shi, ya wanke hannu da ruwa. Ruwan nan bai wanke masa komai ba. Bitrus ma tsoro ya kama shi a gaban wata baranya, ya yi musun Ubangijinsa har sau uku. Amma Bitrus ya yi kuka ya tuba, Yesu kuwa ya karɓe shi, ya sake danƙa masa aiki. Bayan 'yan makonni, wannan Bitrus ne ya tsaya gaban majalisar da ta yanke wa Ubangijinsa hukunci, bai ja da baya ba. Abin da ya sāke shi shi ne gafarar Yesu da ikon Ruhu Mai Tsarki. Yesu ya miƙa hannuwansa a kan gicciye domin matsorata irinmu, ya kuma tashi daga matattu, saboda haka mafi munin abin da mutum zai iya yi mana ba shi ne ƙarshen magana ba. Ka tuba, ka gyara abin da zai gyaru, ka mayar da abin da ba naka ba, ka tashi.

A makon nan, mai yiwuwa za a nemi hannunka a ofis, ko a kasuwa, ko a makaranta, ko a taron dangi. Ka yanke shawara tun yau abin da za ka ce.

Bari mu yi addu'a.

Ya Allah Ubanmu, kai da ka tsaya tare da Shifra da Fu'a, ka san tsoron da yake cikin zukatanmu. Ka gafarta mana inda muka yi shiru da inda muka sa hannu cikin abin da ba ka so. Ka cika mu da Ruhunka, domin tsoronka ya fi tsoron mutum nauyi a cikinmu. Ka ba mu hikima mu san lokacin magana, ka ba mu ƙauna ga maƙwabtanmu duka. Ka tuna da waɗanda suke tsare saboda sunanka, da waɗanda suka rasa aiki saboda gaskiya, ka biya bukatun gidajensu. Ka ba ƙasarmu salama. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.

Ubangiji ya kiyaye ku, sai mun sake saduwa.